Sunan da Shaibu Ya Kasa Kira

Ku zauna, ku daina dariya. Litinan Mamman, na ji abin da abokin nan naka ya faɗa tun daga bakin zaure, don yatsu ne ba ni da su, kunnena lafiya lau yake. Ya ce wai sojan ruwa a ƙasar da tabki ke ƙafewa kafin a gama sussukar hatsi. Ya ce aikinmu hutu ne, farar riga, iska mai sanyi, kifi safe da maraice. To, ɗaure ragon da ubanka ya aiko a gindin aduwa, ku matso. Ni Arzika, ɗan masu haƙar rijiya na nan Filinge, na yi shekara goma sha huɗu a kan ruwan gishiri zamanin Faransi, na kuma shiga makarantar hafsoshin ruwa rana ɗaya da ubanka Shaibu. Shi ya fito da galo, alamar hafsa, a hannun riga, ni na fito da wannan hannun da kuke kallo kuna kau da kai.

Igiya ce ta kai ni teku. Da aka ɗebe mu soja daga Kurfey aka kai mu Dakar, wani farin sarzan ya jefa igiya biyu masu kaurin wuyan hannu a gabanmu, ya ce wa zai haɗa su ba tare da ƙulli ba. Ni kuwa tun ina shekara bakwai nake yi wa babana tufkar kaba, irin wadda mutum zai ɗora ransa a kanta ya sauka gaba ashirin cikin ƙasa. Na warware bakunan, na saƙa su cikin juna, na murza da tafin ƙafa. Aka sa mutum shida kowane gefe suka ja har suka gaji, ba ta ko motsa ba. Ranar aka raba ni da 'yan garinmu. Su suka tafi sojan ƙasa, ni aka ba ni hula mai jan tuntu aka tura ni cikin jirgi.

Aikin farko da aka ba ni kankare tsatsa ne. Guduma ƙarama a hannu, ka zauna a kan katako da aka rataya a gefen jirgi, ruwa na lasar ƙafarka, ka yi ta bugun ƙarfe daga hantsi har la'asar. Ka goge, ka shafa jan fenti, ka shafa toka-toka a kai. In ka kai ƙarshen jirgin, farkonsa ya sake yin tsatsa, sai ka koma. Wata uku na farko abin da na ci bai taɓa kwana a cikina ba. Iyo kuma da igiya a ƙugu aka koya mini, a jefa ka, ka sha ruwa ka ƙoshi, a jawo ka, a sake jefawa. A haka na koyi sauraron jirgi. Ina kwance a ragar barci, in injin ya canza murya ko igiyar sito ta yi sako-sako, jikina zai gaya mini tun kafin a busa usur. Sannu a hankali na kai sagon-metur, kamar a ce sarzan a wurinku, mutum ashirin a ƙarƙashina.

Can kishi ya fara kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Kowace shekara sai a kawo mana wani farin yaro daga makaranta, gemu bai tsiro ba, galo sabo fil yana ƙyalli. Teku ta ɗan yi motsi, ya yi amai a kan takalminsa, ni in sa a wanke, sannan in ƙame in sara masa. Tsofaffin hafsoshi, waɗanda suka ci yaƙi, in sun ba da umurni sukan dubi hannunka su ga ko za ka iya. Yaran kuwa, takarda suke duba. Na yi ta lissafi a raina, wannan na fi shi, wancan na fi shi, amma a teburin hafsoshi su ke cin abinci da cokali mai yatsu, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran a ce in shigo.

Gab da a sauke tutar Faransi sai suka farga ba su da baƙaƙen hafsoshi, suka shiga fafe gora ranar tafiya. Suka buɗe ƙofa biyu, ɗaya ta tsofaffin hannu irina daga cikin jirage, ɗaya ta yaran lakwal, wato 'yan boko, masu takardar gama karatu. Sunana ya fito. Aka ba ni hutun wata guda in zo gida in yi sallama. Ran kasuwar Baleyara na je gaida wani babban dillalin shanu, ɗan unguwarmu, wanda ya girme ni, sunansa kuma Arzika kamar nawa. Kakanka ke nan, Mamman. Ya kira wani siririn yaro daga bayan shanu, ya kama hannunsa ya sa a nawa.

"Takwara, ga ɗanka Shaibu. Shi ma can anka kira shi. Bai taɓa ganin ruwan da ya hi tabkin bayan gari ba. Amana ta na ba ka."

Na ce, "Allah shi ba mu ikon riƙewa."

Na faɗa da baki, amma zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Shekara goma sha huɗu na yi ina hawan wannan tudu da gwiwa, ga yaro ɗan shekara ashirin ya iso ƙolinsa rana ɗaya da ni, don kawai ya zauna a benci.

Makarantar tana wani gari na bakin teku a can ƙasar Faransi, inda rana kan yi kwana goma ba ta leƙo ba. Da asuba usur, ka fito ba takalmi ka wanke daɓen katako da ruwan da ke yanka ƙafa kamar aska. Daga nan a hau doguwar sandar jirgin koyo ta tsanin igiya, a sauko ta ɗaya gefen, wanda ya zo ƙarshe ya sake hawa. 'Yan ajin gaba, yaran da na isa in yi wa kaciya, su ne sarakunanmu. Wani ya taɓa ba ni tsinken ashana ya ce in auna tsawon fili da shi, in zo in faɗa masa. Na auna. Mutum biyar suka tattara kayansu a wata na farko, har da 'ya'yan fararen.

Shaibu ya sha wuya, kuma ina jin daɗin kallonsa yana shan ta. Tafin hannunsa ya ɗaye da tuƙin kwale-kwale, ya yi ta jini a kan matuƙi, itacen da ake tuƙin da shi. A kan sanda yakan rufe ido ya manne kamar ƙadangare. Duk da haka, in an tashi, sai in tarar ya goge mini takalmi, ya wanke mini riga ya shanya kusa da murhu. Baba yake kira na, a tsugune, cikin makarantar da ta ce duk ɗalibai ɗaya ne. Ba zai iya kiran sunana ba, kun san dalili, sunan mahaifinsa ne. Har a takardar jerin sunaye, in ya zo kansa, yakan tsallake da ido.

Mai koyar da mu aikin ruwa wani tsohon bafaranshe ne, muna ce masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko babu wuta. Shi ma daga kankarar tsatsa ya taso. Yakan miƙa mini igiya ya ce wa sauran, "Ku dubi hannun mutumin nan, kada ku dubi littafi." Ranar nan kaina ya fi hulata girma.

Amma da azahar sai a shiga aji, a nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Akwai wani ƙarfe mai madubai da ake auna tsayin rana da shi, ka sauko da ita har ta taɓa bakin ruwa, ka karanta lamba. Wannan na iya, hannuna ba ya rawa ko jirgi na tsalle. Abin da ke biyo baya shi ne bala'in. A buɗe littattafai masu kauri cike da lambobi, a tara, a ɗebe, a juya, har a fitar da inda jirgi yake a bisa taswira. Nawa jirgin sau biyu yana fitowa tsakiyar tudu, aji ya kwashe da dariya. Shaibu kuwa kafin malamin ya gama goge allo ya ajiye alƙalami. Malamin, wani ɗan saurayin litinan mai tabarau, yakan ɗaga takardarsa ya nuna wa kowa.

Wata rana Shaibu ya same ni a bayan ɗakin igiyoyi da littafi a hammata.

"Baba, in ka yarda, mu zamna in gwada maka. Ba shi da wuya, hanya guda ta."

Na ce, "Kai za ka gwada mani? Sadda nis shiga teku kana tahiya ba wando. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Da na bari ya koya mini, da watakila yau wani labarin nake ba ku. Amma babba a Kurfey ya zauna gaban yaro da allo? Na gwammace in faɗi.

A tsakiyar shekara magana ta bazu cikin ɗalibai cewa ƙasar da ba ta da teku ba za a ba ta hafsa biyu ba, cikinmu mu biyu ɗaya za a riƙe. Ban san ko gaskiya ce ba, har yau ban sani ba, amma na ɗauke ta na rungume. Na zauna na auna. A lissafi ya ba ni rata mai nisa. A aikin ruwa na fi shi, amma yaron ya fara kamo ni, hannunsa ya yi kanta, ya daina rufe ido a kan sanda. In bai faɗi wata babbar jarrabawa ba, galon nasa ne.

Babbar jarrabawar ruwa ita ce ta jan ragamar kwale-kwale. Dogon kwale-kwalen katako ne mai nauyi, mutum shida na tuƙi, ɗalibin da ake gwadawa yana zaune a baya riƙe da sandar juya shi, shi ne kumandan na wannan sa'a. Zai fita da shi, ya kewaya alama, ya dawo ya jingina shi da gaɓar dutse a hankali, yadda ko ƙwai ba zai fashe ba. Mutumin gaba shi ke ajiye matuƙinsa ya miƙe da doguwar sanda mai ƙugiya, ya tokare dutsen, ya riƙe kwale-kwalen. Amma a jarrabawa doka ta ce ba ya motsi sai kumandan ya kira sunansa da ƙarfi ya ba shi umurni, don abin da ake gwadawa ke nan, ko yaro zai iya buɗe baki ya umurci maza. Ni na yi tawa, Mai Lofe ya cire lofe daga baki ya gyaɗa kai. Da aka liƙa takardar gobe, sai na ga Shaibu a baya, ni a gaba.

Da la'asar ya zo, fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

"Baba, gobe kai anka sa ga ƙugiya. Ƙaƙa za ni yi? Sunan tsohona na, bakina ba ya ɗauka tai."

Na ce, "Doka doka ta. In ba a kira suna ba, ba mai motsawa."

"To in nic ce Baba, kana ji?"

Na ce, "Teku na da ƙara, yaro. Sai mun gani."

Ina iya ce masa ya kira, na yafe, ubansa ma zai yafe, aiki ne. Ina iya zuwa wurin Mai Lofe in ce a canza mini wuri, kalma ɗaya ta isa. Ban yi ko ɗaya ba. Na ga rami a gabansa, ba ni na haƙa ba, na ce a raina to ba ni zan cike shi ba.

Da safe iska ta taso daga bayanmu, ruwa kuma na shigowa, duka biyu suna tura mu wajen dutsen. Mai Lofe da litinan mai tabarau suna tsaye a kan gaɓa da takarda. Shaibu ya fita da mu lafiya, ya kewaya alama tsaf, muryarsa na fita, yana kiran sauran da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Har na ji haushi yadda ya iya. Muka juyo. Mai tuƙi yakan juya wa gaban kwale-kwale baya ne, don haka ba na ganin dutsen, fuskar Shaibu nake gani, amma ina jin ƙarar ruwa na dukan gaɓa tana matsowa. Na san daidai bugun tuƙin da ya kamata in tashi a kansa. Bugun ya zo. Na ga bakinsa ya buɗe, ya rufe. Ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, "Baba."

Na ci gaba da tuƙi.

Ya sake cewa, da ɗan ƙarfi, "Baba, don Allah."

Na dubi ƙafafuna. Na ce a raina, bugu biyu kawai, ya ɗan gogi dutsen, fenti ya kankare, a rubuta masa faɗuwa, shi ke nan. Ni da na yi shekara goma sha huɗu a ruwa na manta teku ba ta san bugu biyu ba. Wata igiyar ruwa ta ɗaga mu daga baya ta wurga. Na waiga, dutsen na kaina. Babu lokacin ɗaukar ƙugiya. Jikina ya yi abin da ya saba tun kafin in yi shawara da shi, na saki matuƙi na kai hannu in tokare. Hannun ya zame a kan gansakuka ya shiga tsakanin katako da dutse.

A nan ne ya kira. "Arzika!" Da dukan muryarsa, har gaɓar ta amsa. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa na ji sunan ya fita daga bakin ubanka.

A asibiti suka cire yatsu biyu, na tsakiya da na kusa da shi, na ukun ya sandare yadda kuke ganinsa. Kwana huɗu bayan haka aka zo bincike har bakin gadona. Shaibu ya ƙame ya ce laifinsa ne, bai ba da umurni ba. Litinan mai tabarau ya tambaye ni ko na ji wani umurni. Na ce ban ji an kira sunana ba. Ya rubuta, ya ce na bi doka daidai, ya ma yaba mini. Da suka fita, Mai Lofe ya tsaya a baya. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Na sa ka a gaba ne don na san ko yaron ya daskare kai ba za ka bari kwale-kwalena ya taɓa dutse ba. Shekara goma sha huɗu, kana jiran a gaya maka ka ɗauki ƙugiya?" Ya mayar da lofensa baki ya tafi. Bai rubuta a takarda ba, bai kuma sake yi mini magana ba.

Likita ya ce hannun da ba ya riƙe igiya ba ya zama hafsan ruwa. Aka sallame ni. Shaibu aka ba shi horo, aka maimaita masa jarrabawar da wani a gaba, ya ci. In za ka gina ramin mugunta, an ce gina shi gajere, ni ko tsayawa kawai na yi a bakin na wani, na faɗa har wuya.

Na dawo Filinge na koma tufka da yatsun da suka rage. Rabin rijiyoyin da ke tsakanin nan da Bonkuku da igiyata aka sauka cikinsu. Da aka sauke tuta, ubanka ya dawo ya shiga sojan ƙasa, galo ya yi ta hawa kan galo. Ranar da ya fara zuwa gida da kaki, mota ta tsaya a nan ƙofar, unguwa ta cika. Ya cire hula, ya tsuguna a gabana cikin ƙasa, ya riƙe wannan hannun yana kuka.

"Baba, ni niɓ ɓata maka hannu. Ka gahwarta mani."

Na ce, "Ba komi, ƙaddara ta."

Mutane suka yi ta cewa Arzika mai haƙuri ne. Ni kuwa idona na kan galon, ina ƙirga su.

Tun daga ranar babu babbar sallar da rago bai shigo gidan nan ba. Sama da talatin na yanka, na ci, na raba wa maƙwabta, kowane da sunan laifin da ba nasa ba. Kakanka ya rasu yana sa mini albarka don na riƙe amana. Ku kuma kun taso, kun shiga makarantarku, kun fito da galo kuna shekara ashirin da uku, ba ku taɓa kankare tsatsa ba. In na gan ku abin nan yana motsawa a ƙirjina kamar jiya, kada ku ɗauka tsufa ya kashe shi.

An ce mini ubanka ba ya jin daɗi, ƙafa ta hana shi fita, shi ya sa bana ya aiko ka. Ni ma ba na jin zan ga rago da yawa nan gaba. Don haka tashi ka kwance wancan, ka mayar da shi cikin mota. Kada ka yi mini musu, Litinan, ni sagon-metur ne amma na girmi galonka. In ka isa, ka zauna kusa da shi, ka kori mutane, ka faɗa masa da bakinka yadda zan faɗa maka, kada ka gyara.

Ka ce Baba ya ce, ran nan cikin kwale-kwale, sau biyu ka kira shi, kuma duka biyun ya ji.